Jan Farce a Hoton Ɗana

Tsufa ya fara kwashe mini abubuwa. Sai in yi ta neman mabuɗi alhali yana ɗaure a bakin zanena. Amma akwai abu ɗaya da na tabbata ba zan manta ba ko da komai ya tafi, shi ne hoton fentin da aka yi wa ɗana na fari yana ɗan shekara biyar, da irin wahalar da hoton nan ya ba mu har shekara goma sha bakwai. Har yau in na ji warin fenti da kananzir sai raina ya sosu, kuma ba wanda nake jin haushinsa kamar ni kaina.

A lokacin muna haya a Bulabulin, ɗaki da falo, a gidan wata dattijuwa Kanuri da kowa ke kira Hajja. Mu mutanen kudancin Borno ne, aiki ne ya kawo mu Yerwa tun ana ce wa jihar Arewa maso Gabas. Maigidana akawu ne a ofishin gwamnati, mutum mai son tsari ƙwarai. Biro uku yake jerawa a aljihun gaba, in ka sauya wa ɗaya wuri sai ya gane. Ni kuwa lokacin ne nake zuwa ajin yaƙi da jahilci da yamma a harabar cocinmu, ina koyon haɗa baƙi da wasali da girmana.

To, wannan mutum mai son tsari shi Allah ya ba ɗa wanda bai san zama ba. Ban ce ba ya jin magana ba. Yaro ne mai tausayi, in ka aike shi kafin ka juya ya dawo. Zama ne kawai ba ya iyawa. A tsaye yake cin tuwo, loma ɗaya a ɗaki, loma ɗaya a tsakar gida. A coci sai na riƙe masa riga ta baya har a tashi. Hajja ce ta sa masa suna Guguwa, sunan kuwa ya bi shi duk unguwa.

Wata rana maigida ya dawo daga gidan shugabansu na ofis da labari. Ya ga hoton ɗan shugaban a bango, ba irin na mai kyamara baƙi da fari ba, na fenti mai kala, yaro zaune a kujera kamar ɗan gwamna. Bai ko cire takalmi ba ya ce, "Uwar yara, namu ma za a yi." Cikin mako ya samo wani mai fenti a bayan Kasuwar Kwastam, wanda ke zana zaki da gaggafa a jikin manyan motoci, ya kuma rubuta allunan shaguna. Suka shirya yaro zai zauna safiya uku a jere. Aka ɗinka masa 'yar kwat mai ruwan toka da gajeren wando, aka sayi farar safa. Ana gobe za a fara sai aka ce maigida ya bi shugabansa rangadi.

Na ce, "Malam, yaron nan fa ka san shi."

Ya ce, "Na san shi. Ke ce ba ki san yadda ake riƙe shi ba. Sanyinki ya yi yawa. Ranar Asabar zan dawo, in tarar da hoto."

Ranar farko muka isa da sassafe. Rumfar kwano ce a gindin darbejiya, gwangwanaye ko'ina, ga wata babbar mota an zana mata rabin zaki. Mai fentin dogo ne siriri, da goro a kumatu, Hausarsa irin ta mutanen bakin iyaka. Ya ɗora yaron a kujera, ya ce a ba shi littafi ya riƙe don ya fito kamar ɗan makaranta. Ba littafin da ke hannuna sai na ajinmu, na miƙa. Ya jera masa hannaye a kai, ya koma gaban allonsa, ya ɗago kai, kujera ba kowa. Yaro yana ƙarƙashin mota yana duba taya.

Haka muka yi ta fama. In kamo shi, in zaunar, in durƙusa a bayan kujera in riƙe masa ƙugu, in yi masa tatsuniya, in yi alkawarin rake. Gumi ya jiƙa ni har zane. Duk da haka mutumin nan ya iya aikinsa, don kafin rana ta take ya fitar da kai: goshi, kunnuwa, da idanun nan masu neman hanyar gudu. Ya ce, "Madam, kai ya samu. Saura jiki da hannu. Hannu shi ne aiki, sai an ajiye shi wuri ɗaya."

Rana ta biyu ita ce ta ƙarasa ni. Ana cikin jera masa yatsu sai wani jaki ya yi kuka a bakin hanya. Yaro ya zabura zai je kallo, ƙafarsa ta kwashi gwangwanin shuɗin fenti, ya malale a kan wani allon shago da aka gama jiya-jiya. Kafin in buɗe baki ya haye bayan motar yana dariya, farar safa ta zama shuɗiya. Mai fentin ya ajiye buroshi a hankali, ya tofar da goro.

"Madam, shekarata ashirin ina zana zaki, bai taɓa ba ni wahala irin ta ɗanki ba."

Na ce, "Ai zakin ba ya zuwa, Baba."

"Shi ya sa nake son sa. Ki tafi da yaronki. Kada ki dawo mini da shi."

Na dawo gida, na zauna a bakin rijiya ina wanke safa ina hawaye. Ba fentin ya dame ni ba. Abin da nake ji a kunnena shi ne muryar maigida ranar Asabar yana cewa ai ya faɗa, sanyina ya yi yawa. Hajja ta fito da buta ta gan ni. Ta ce, "Wushe, sannu 'yata. Wa ya mutu?" Na kwashe duka na gaya mata. Ta ce, "An gama kai?" Na ce an gama. Ta ce, "To kukan na mene ne? Jiki ai jiki ne. Ga jikata nan, tsayinsu ɗaya. Wannan in kin ajiye ta da safe, da azahar nan za ki same ta."

Gaskiya ta faɗa. Jikar Hajja yarinya ce 'yar shekara shida, shiru-shiru, in tana ɗaki sai ka manta da ita. Na san bai kamata ba. Na sani sarai. Amma na gaji, ga Asabar ta matso. Washegari na bar Guguwa wurin Hajja, na sa wa yarinyar kwat da wando da safar da ta ƙi fita sosai, na lulluɓe ta da mayafi har rumfar. Mai fentin ya dube ta, ya dube ni, ya ga ta ɗora hannaye a kan littafi ta tsaya cak. Sannan ya ce, "Allah ya yi wa wannan albarka." Ƙuda ya sauka mata a hanci, ba ta ko motsa ba.

Da ya gama ya juyo mini da allon, sai idona ya sauka a kan hannayen. Kwana kaɗan kafin nan an yi biki a dangin Hajja, an sa wa yarinyar lalle. Mutumin nan kuwa abin da ya gani shi yake zanawa. Ga kan ɗana, ga kwat, ga littafina, ga farce goma jajaye jawur. Na ce, "Baba, namiji ne fa!" Ya ce, "Au." Ya dangwali fenti mai ruwan ƙasa ya bi faratan ɗaya bayan ɗaya ya shafe. Ya ce, "Shi ke nan, an rufe." Ni ma na ɗauka an rufe.

Ranar Asabar maigida ya dawo, ya tsaya gaban hoton ya daɗe. Ban taɓa ganin farin ciki irin wannan a fuskarsa ba. Ya ce, "Dubi hannu! Dubi yadda ya riƙe littafi! Uwar yara, kwana uku ya zauna haka?" Ga wurin da ya kamata in yi magana. Abin da na ce kawai shi ne, "An dai gama, Malam." Na gaya wa kaina ban yi ƙarya ba. Ya buga ƙusa da kansa, ya rataye hoton a falo daidai saitin kujerarsa.

Na ɗauka magana ta ƙare. Ashe ranar ta fara.

Tun daga lokacin hoton nan ya zama shaida a gidanmu. Malamin makaranta ya aiko cewa yaro ba ya zama a benci, maigida ya nuna bango: "Ɗaga kai ka duba. Wane ne wancan? Ba kai ba ne? Kwana uku ka zauna wa mai fenti, amma ba za ka zauna wa malami awa ɗaya ba. Ashe ka iya, iskanci ne kawai." In ya yi motsi a coci, hoton. In ya tashi ana cin abinci, hoton. Har horo ya ƙirƙiro: a sa shi a kujera gaban hoton, ya ɗora hannaye a kan littafi yadda suke a ciki, har sai maigida ya gama karanta jarida. Ina kicin ina jin ƙafafunsa suna karkarwa a jikin kujera kamar ana kaɗa ganga. In baƙi suka zo kuwa sai a nuna musu: "Da can natsattse ne. Ban san abin da ya same shi ba." Hajja in ta shigo ta ji haka sai ta rufe baki da mayafi ta fita da sauri, kafaɗunta na rawa.

Sau nawa na yi niyyar faɗa? Ba adadi. In fara, "Malam, game da hoton nan..." sai ya ce, "Ai hoton nan shi ne abu ɗaya da kika yi mini daidai a kan yaron nan." To ta ina zan ci gaba? Kowace shekara maganar tana ƙara nauyi. Abin da da na faɗa ranar Asabar ɗin nan a yi faɗan yini ɗaya a wuce, ya zama abin da zan ce na ɓoye shekara biyar, sannan shekara goma.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yaron ya sani. Yana ɗan shekara tara, ina tankaɗe, ya zo ya tsuguna kusa da ni, ya ce a hankali, "Mama, ni fa ban tuna na riƙe littafin can ba. Na tuna jaki, na tuna shuɗin fenti." Na ce, "Yi shiru, babanka na ciki." Ya dube ni, ya yi shirun. Yaron da ba ya iya riƙe ƙafarsa minti biyar, ya riƙe mini wannan magana shekara goma sha uku.

Ana nan, zafin Yerwa ya yi ta cin fentin sama. Ruwan ƙasan da aka shafa ya fara koɗewa, ja ya soma leƙowa a bakin faratan, kaɗan-kaɗan. Ni kullum in ina share falo sai na duba, in ga ya ƙaru. Maigida ya lura, ya ce, "Mai fentin nan da araha ya yi mana aiki, dubi har kala tana sauyawa." Na ce, "Haka ne, Malam." Kai, ni dai na ba kaina haushi.

Da ƙyar ɗana ya gama sakandare. Ba don ba shi da ƙwaƙwalwa ba, ya iya kwance rediyo ya mayar, ya san hanyar kowane gari daga bakin direbobi. Maigida ya yi ta bin mutane har ya samo masa aikin ƙaramin akawu, tebur da kujera da fayil. Mako uku ya yi. Ranar Juma'a ta uku ya ajiye biro ya fita, bai koma ba. Ashe ya daɗe yana zuwa tashar Baga yana koyon tuƙi wurin masu ɗaukar bandar kifi zuwa kudu, har wani mai mota ya yarda zai ba shi sitiyari.

Ranar Lahadi bayan an tashi coci maigida ya gayyato wani dattijon cocinmu, aka zauna a falo. Ya sa ɗana a tsakiya, ni kuma ina bakin ƙofa. Ya miƙe ya sauko da hoton daga ƙusa, abin da bai taɓa yi ba, ya jingina shi a kan tebur.

Ya ce wa dattijon, "Baba, ka gani da idonka. Da a ce Allah ne ya halicce shi haka, da na haƙura. Amma ga shi yana ɗan shekara biyar. Ya iya zama. Ni ne ba ya so ya zauna wa." Sannan ya juya ga ɗana. "Gobe Litinin. Ko ka koma ofis, ko ka kwashe kayanka. In ka zaɓi warin kifi, ba da yawuna ba, kuma kada ka sake taka gidan nan."

Ɗana ya ɗago kai ya dube ni sau ɗaya, irin kallon ranar tankaɗe, ya mayar da kai ƙasa. Na gane zai tafi. Zai bar gidan ubansa ba albarka, don kada ya tona ni. Sai na ji wani abu ya taso mini wanda ban san ina da shi ba. Muryata dai ba ta tashi ba, ba ta taɓa tashi ba, amma ta fito.

Na ce, "Malam, ba hannunsa ba ne."

Ya ce, "Me kika ce?"

"Kan nasa ne. Daga wuya zuwa ƙasa jikar Hajja ce. Bai zauna ba, Malam. Ko awa ɗaya bai zauna ba. Ni na riƙe shi aka yi kan, rana ta biyu ya zubar da fenti aka kore mu. Ka dubi faratan. Ba araha ba ce, lalle ne."

 Dattijon ya ciro tabarau ya sunkuya a kan hoton, ya duba, ya duba, ya ce, "Lalle ne kam." Maigida ya ce bai yarda ba, uwa ce ke kare ɗanta. Ya ce a kira Hajja. Ta shigo tana dogara sanda, don lokacin ta tsufa sosai. Ana gaya mata dalili sai ta fashe da dariyar da ta riƙe shekara goma sha bakwai, har sai da aka ba ta kujera.

Ta ce, "Malam akawu, ai ni na gode maka. Kullum ina ji ta taga kana yabon jikata, natsuwarta, hannunta. Ko mijinta bai yabe ta haka ba. 'Ya'yanta uku yanzu, har yau in ta zauna sai an tashe ta."

Dattijon ya yi ƙoƙari ya daure, ya kasa, ya juya fuska bango. Maigida bai yi dariya ba. Ya dubi hoton, ya dubi ɗansa. Ya ce, "Ka sani?" Ɗana ya ce, "Na sani, Baba." "Duk zaman da na sa ka a kujerar nan, ka sani?" Ya ce, "E, Baba." Maigida ya zauna a hankali. Ban taɓa ganin biro ya karkace a aljihunsa ya bar shi ba sai ranar.

Kwana huɗu bai yi mini magana ba, kuma ban ga laifinsa ba. Abinci in na ajiye ya ci, in na gaishe shi ya ɗaga hannu. A rana ta biyar da safe ya sa rigarsa ta ofis, ya ce, "Uwar yara, ɗauko mayafinki." Muka tafi tashar Baga, cikin ƙudaje da warin banda, yana ɗaga ƙafar wando. Ɗana na saman mota yana ɗaure kwalaye da igiya. Da ya hango mu ya diro. Maigida ya zaga motar, ya taɓa taya, ya ce, "Daga nan zuwa kudu kwana nawa?" Ɗana ya ce biyu. "Kwana biyu a zaune? Kai?" Ɗana ya ce, "Baba, a mota ni ina zaune, amma hanya tana tafiya." Maigida ya ɗora masa hannu a ka a gaban 'yan tasha, ya yi masa addu'a. Ya zaro biro ɗaya cikin ukun ya sa masa a aljihu, ya ce, "Ko direba yana sa hannu a takarda."

A hanyar dawowa ne ya fara yi mini magana a kan hoton. Ya ce, "Shekara goma sha bakwai ina gwada ɗana da 'yar mutane. Ke kuma kina kallo." Na ce, "Ina kallo, Malam. Ka yafe mini." Ya ce, "Ba ni za ki roƙa ba." Na roƙi wanda ya kamata, wato ɗana, da ya dawo daga tafiyar farko. Ya yi dariya ya ce, "Mama, ai raken da kika yi mini alkawari har yau ban gani ba."

Tuƙin nan shi ya riƙe shi. Ya yi shekaru a hanya, ya yi aure, daga baya ya sami motar kansa, ya kuma koya wa wasu. Hoton yana falonsa yanzu, faratan sun gama fitowa jajaye. In baƙo ya tambaya sai ya ce, "Kaina ne, hannun maƙwabta." Yana da 'ya mace da ta ɗauko shi sak, a tsaye take cin tuwo. Ban taɓa jin ya ce mata ta dubi wani ba.

Ni dai abin da na koya shi ne, duk shekarun nan mutane suna yabona da haƙuri, ni ma na ɗauka haƙurin nake yi. Ashe tsoron faɗan yini ɗaya ne, kuma ɗana ne ya ɗauki nauyinsa a kan kujerar falo. Tun daga ranar, in gaskiya ta zo bakina ina faɗinta da zafinta, a hankali dai yadda na saba, amma ba na shafa mata fenti, don na ga da idona yadda ja yake fitowa.